Ban Ji Ba

Sakata ba shi ne sunan da iyayensa suka sa masa ba. 'Yan kallo ne suka laƙaba masa tun yana buga wa ƙaramin kulob ɗin unguwa, a filin da rabinsa ciyawa rabinsa tsakuwa. Wai in yana tsaye a baya, to an danna wa ƙofa sakata, mai son shiga sai ya je ya dawo gobe. Sunan ya bi shi zuwa babban kulob na cikin birni, ya tsallaka teku tare da shi inda ya yi shekara shida yana buga wa mutanen da ba su iya faɗinsa sai sun karya shi, ya kuma rako shi gida. A ƙungiyar ƙasa kuwa shekara goma sha ɗaya ya yi da lamba biyar a bayansa. Ƙwallo biyu kacal ya taɓa ci mata, kuma in ka tsokane shi da haka sai ya ce shi ba ci aka ɗauke shi yi ba, hana ci aka ɗauke shi.

Duk tsawon shekarun nan mutum ɗaya ne a bayansa, golan da ake kira Ƙugiya saboda in hannunsa ya kama ƙwallo ba ya saki. Rana ɗaya aka gayyace su ƙungiyar ƙasa. Ɗaki ɗaya ake ba su a otal, kujera ɗaya suke zama a mota. Ƙugiya sarkin surutu ne, Sakata kuma sai ya wuni bai yi magana goma ba, shi ya sa tasu ta zo ɗaya.

A cikin fili, kalma guda ce ta riƙe aikinsu. In aka ɗago ƙwallo sama tana nufo gida, ɗan baya ba shi da ido a ƙeya, bai san abin da gola ke yi ba. In gola ya fito zai kama, sai ya kwarara ihu: “Bari!” Da jin haka Sakata zai sunkuyar da kai ko da ƙwallon ta kusa taɓa gashinsa, ba tambaya, ba waiwaye. In kuwa bai ji komai ba, to gola na cikin ragarsa, sai ya sa kai ya kore ta, ko ya mayar masa da ita a hankali. Iyakarta ke nan, kuma ba su taɓa kuskure ta ba.

Abin da Sakata bai gaya wa kowa ba sai matarsa shi ne, kunnensa na hagu ya mutu. A shekararsa ta ƙarshe a ƙasar waje wani ɗan gaba ya zuba masa gwiwar hannu a gindin kunne suna sama. Ya tashi ya ƙarasa wasan, don shi ba ya cikin masu birgima a ƙasa. Daga ranar wata ƙara ta zauna masa a kunnen, irin ta tsohon firij, muryoyin mutane kuma suka yi ta nisa har suka ɓace. Ya lallaɓa wani asibiti da ba ruwansa da kulob. Likitan ya gama aune-aunensa ya ce masa, “Wannan kam ba zai dawo ba.”

Sakata ya haɗiye maganar. Likitocin ƙwallo gwiwa suke dubawa, da idon sawu, da bugun zuciya, ba wanda ya taɓa tunanin ya yi masa raɗa ya gani. Da ya dawo gida sai ya samu Kocin ƙasa ya ce yana so a mayar da shi ɓangaren hagu na tsakiyar baya, wai ƙafarsa ta hagu ta nuna. Koci ya yarda, kulob ma suka bi. Dabara ce mai kyau, a gaskiya. In ya tsaya a hagu, mataccen kunnen na fuskantar bakin layi, inda ba komai sai 'yan kallo, kuma wa ke buƙatar jin abin da 'yan kallo ke faɗa a kan uwarsa? Mai ran kuwa yana wajen gola. Haka ya ci shekara biyu lafiya lau.

Ranar da abin ya faru, wasansa na casa'in da tara ne a ƙungiyar ƙasa, kuma na ƙarshe a neman gurbin zuwa babbar gasa. A gida ake yi, da la'asar, filin ya cika har kan matakala. Kunnen doki ma ya ishe su. Har minti saba'in da takwas ba wanda ya ci wani. Sai abokin tsayuwarsa na dama ya ji ciwo a cinya aka tallabe shi waje. Wanda ya shigo a madadinsa bahago ne na gaske, ƙafarsa ta dama ta hawa mota ce kawai. Koci ya zo bakin layi yana nuni da hannu: Sakata, koma dama.

Tsakaninsa da Koci bai fi taku ashirin ba. Yana iya zuwa ya ce, “Koci, ba zan iya ba, ga dalili.” Amma ga mutum dubu sittin sun zuba ido, ga kambun kyaftin a damtsensa, kuma saura minti goma sha biyu. Ya ce a ransa minti goma sha biyu ai ba wani abu ba ne. Ya koma dama.

Ana minti na tamanin da bakwai golan baƙi ya doko wata doguwar ƙwallo, irin ta masu neman sa'a. Ta yi sama ta daɗe ba ta sauko ba. Sakata na ja da baya, idonsa a kanta, ɗan gabansu na huci a wuyansa. Ya kasa kunne. Ba abin da ya ji sai ƙugin fili da wannan ƙarar tasa. To, shiru na nufin gola na gida. Ya tashi sama ya goga mata ƙeya a hankali, yadda ya saba, don ta faɗa hannun Ƙugiya.

Yana saukowa aka bangaje shi ta hagu, suka zube tare. Safar hannu ya fara gani, sannan fuskar Ƙugiya, baki a buɗe, jijiyoyin wuya a miƙe. Ƙwallon kuwa ta wuce ta kansu su biyun, ta yi tsalle ɗaya, ta yi na biyu, ta gangara cikin raga ko sauri ba ta yi. Haka aka tashi, ɗaya da nema.

A hanyar shiga ɗakin sauya kaya 'yan jarida suka yi masa ca. Gumi ko bushe masa bai yi ba. Wani mai jar hula ya cusa masa abin magana a baki.

“Kyaftin, gola ya yi maka magana ko bai yi ba?”

Sakata ya ce, “Ban ji ba.”

Allah shaida ne bai yi ƙarya ba. Amma kai ma ka duba mana. Mutumin da shekara goma sha ɗaya wannan kalma ba ta taɓa wuce kunnensa ba, in ya ce bai ji ba, me kowa zai ɗauka? Ba a faɗa ba ke nan. Kafin su shiga mota magana ta gama gari: gola ya fito ba sallama ya jawo wa ƙasa asara. Hoton wasan bai taimaka ba, don bayan Ƙugiya kawai ya nuna, kuma wa zai tsinci muryar mutum ɗaya a cikin dubu sittin? Masu sharhi a rediyo suka wanke shi tas. Waɗanda ko lemo aka jefo musu ba za su iya cafkewa ba, kowa ya zama malamin tsaron raga.

Har sabon suna suka sa masa, wai Bebe. Ƙugiya fa! Mutumin da ko a barci magana yake yi. Ranar da ya fito wasan kulob ɗinsa, magoya bayansa na kansa suka yi ta rera masa sunan har aka tashi. A gidan mai wasu suka fasa masa gilashin mota. Kulob ya ajiye shi a benci, wai sai ƙura ta lafa. Shi kuwa ko uffan bai ce wa kowa ba, kuma bai kira Sakata ba. Sakata ya sha rubuta masa saƙo a waya yana gogewa. Me zai ce? Sannu?

Wata safiya, bayan 'yan biyunsu mata sun tafi makaranta, matarsa ta zauna a teburin cin abinci da tarin littattafan ɗalibai a gabanta. Malama ce a makarantar da yaransu da na Ƙugiya ke zuwa. Ta ɗauki jan biro ta ajiye.

“Baban 'yan biyu, jiya na ga matar Gola a ofishin shugaban makaranta.”

Sakata na juya cokali a shayi. Bai ɗago ba.

“Takardar canza wa babban ɗansu makaranta ta zo karɓa. Yara sun sa shi a gaba, wai Ɗan Bebe. Sau biyu yana dambe a mako ɗaya. Na gaishe ta, ta amsa kamar ba ita ce ta kwana uku a kaina a asibiti da na haifi yaran nan ba.”

“To ni me na yi? Ƙarya na faɗa?”

“Rabin gaskiya ka faɗa, ka bar mutane suka cika ta da ƙarya. Kuma ka san haka za su yi.”

“Ban sani ba a lokacin! Kaina ma ban san inda yake ba.”

“A lokacin, na yarda. Yau kwana nawa?”

Ya ture kofin har shayi ya zube a kan tebur. Ta janye littattafanta.

“Kin san abin da zai faru in na buɗe baki?” in ji shi. “Ba kulob ɗin da zai sake sa kurma a tsakiyar baya. Ba nan kaɗai ba, ko'ina. Tun ina shekara tara ba abin da na iya sai wannan. In an karɓe shi, ni wane ne? In zauna a falo in dinga kallon ki kina jan biro?”

Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma ita kaɗai ce a duniya za ta iya ganin haka a fuskarsa. Ta tashi ta ɗauko tsumma ta goge teburin, ta ɗaga hannunsa ta goge ƙarƙashi.

“Na san kana jin tsoro,” in ji ta. “Shekara biyu ina riƙe maka wannan sirri ban taɓa jin nauyinsa ba, don ba wanda yake cutarwa. Yanzu kuwa a kan wani yake zaune. Ba zan faɗa wa kowa ba, ba nawa ba ne. Amma wallahi ina jin kunyar matar nan, kuma ban saba jin kunya a kanka ba.”

Ta kwashi littattafanta ta fita.

Bayan mako biyar aka fitar da sunayen 'yan wasan ƙasa don wani wasan sada zumunci. Sunan Sakata ne na farko. Na Ƙugiya babu, karo na farko a shekara goma sha ɗaya. Kuma wannan ne zai zama wasan Sakata na ɗari, abin da 'yan baya kaɗan ne suka taɓa kai wa. Hukumar ƙwallo ta shirya biki sosai: za a kira matarsa da 'ya'yansa tsakiyar fili, a ba shi lambar yabo. Mutane ma tausayinsa suke ji, wai bawan Allah, gola ya sa shi ya ci gida.

A otal ɗin da suka yi sansani aka ba shi ɗaki shi kaɗai don girmamawa. Gado biyu ne a ɗakin. Ya ajiye jakarsa a kan ɗaya, ya zauna a kan ɗayan, sai ya ga ba wanda zai cika wurin wanka da ruwa, ba wanda zai ci masa biskit ya rantse ba shi ba ne. Wannan shirun ya fi na kunnensa damunsa.

Ranar Alhamis bayan atisayen safe ya ƙwanƙwasa ƙofar Koci. Koci dattijo ne mai furfura, shi ya fara gayyatar su duka biyun. Sabuwar riga na shimfiɗe a kan kujera, an rubuta ɗari a ƙirjinta da zaren zinariya.

“Kyaftin! Shigo ka ga kayanka. Kada ka taɓa da wannan hannun naka mai gumi.”

“Koci, magana ce da ni.”

A tsaye ya faɗe ta duka, tun daga gwiwar hannun har zuwa minti na tamanin da bakwai. Koci ya saurara bai katse shi ba. Da ya gama, dattijon ya tashi ya leƙa waje, ya mayar da ƙofa ya rufe, ya dawo ya zauna yana murza goshi.

“Ni dai ban ji wannan maganar ba,” in ji shi.

Sakata zai yi magana, Koci ya ɗaga masa hannu.

“Saurara, ɗana. Asabar ka buga wasanka a hagu, ka karɓi lambarka, 'ya'yanka su yi hoto da kai. Ƙarshen kaka sai ka ce gwiwa ta matsa maka, ka ajiye takalmi da mutuncinka. Wa zai sani? Shi kuma wancan, ina son sa, Allah ya sani, amma shekararsa talatin da biyar. Ko ba wannan, saura nawa ya rage masa? In ka yi magana yanzu ba za ka mayar da ƙwallon nan waje ba. Mutum ɗaya ya faɗi, kana so ya zama biyu. Har da ni na uku, da na mayar da kai dama.”

“Ba ka sani ba ai, Koci.”

“Su 'yan kallo ina ruwansu da abin da na sani? Je ka ka huta. Gobe da safe akwai 'yan jarida, ka yi musu murmushi.”

Sakata ya fito ya koma ɗakinsa. Abin haushin shi ne maganar Koci akwai hankali a cikinta, kuma don ƙauna ya faɗe ta. An buɗe masa hanya shimfiɗaɗɗiya, ba abin da ake nema gare shi sai ya ci gaba da yin abin da ya fi iyawa, wato shiru. Amma da ya ji kalmarsa a bakin wani, sai ya ji yadda take da ɗaci.

Ranar Juma'a da hantsi aka zaunar da shi a ɗakin taro na otal, Koci a damansa, rigar ɗari a rataye a bayansu. Aka tambaye shi yadda yake ji. Ya jawo abin maganar kusa, ya yi gyaran murya. Shi ba gwanin jawabi ba ne, kuma ranar ma bai zama ba.

“Ran nan kun tambaye ni, na ce ban ji ba. Gaskiya ne. Amma ban gaya muku dalili ba. Kunnena na hagu ba ya ji. Shekara biyu ke nan, na ɓoye. Gola ya yi magana. Ban ji ba, amma da muka faɗi na ga bakinsa, na ga wuyansa. Ihu ya yi. Laifina ne, kuma ina kallo kuka ɗora masa. Shi ke nan.”

Wurin ya kaure. Kowa na tambaya a lokaci ɗaya, Koci ya dafe kai. Can gefen hagu wata 'yar jarida ta miƙe ta kira shi, “Kyaftin!” Bai juya ba. Ta sake kira da ƙarfi, ta kuma, yana ta kallon gabansa. Sai ɗakin ya yi tsit a hankali, don kowa ya gani da idonsa. Koci ne ya taɓa masa hannu ya nuna masa ita.

Kafin azahar likitan hukuma ya cire sunansa daga wasan Asabar. Kulob ɗinsa suka turo saƙo ya zo ofis ranar Litinin, kuma ya san ba shayi za a ba shi ba. Wayarsa ta cika da zagi, waɗanda jiya suke tausayinsa yau sun ce ya yaudari ƙasa. Casa'in da tara ɗin nan dai a nan za ta tsaya har abada. Ya kashe wayar, ya ɗauki jakarsa, ya tuƙa mota kai tsaye zuwa gidajen da kulob ɗin Ƙugiya ke ba 'yan wasansa.

A ƙofar benen ya tarar da motar ɗaukar kaya, an ɗaure katifu da igiya, ga kekunan yara a sama. Direban na zaune a inuwa yana danna waya. Sakata ya hau matakala da gudu. A hawa na uku ya samu Ƙugiya shi kaɗai, ba riga, yana kokawa da wani ƙaton kabad ɗin tufafi da ya maƙale a bakin ƙofa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska.

Suka kalli juna.

“Ƙugiya, ka ga…”

“Na gani a waya. Kama can.”

Sakata ya ajiye makullin mota a aljihu ya kama. Suka karkata kabad ɗin, suka fito da shi, suka sauko hawa ɗaya. A kan kwana suka dire shi don su huta. Ƙugiya ya jingina da bango yana haki.

“Litinin suka kira ni ofis,” in ji shi. “Suka ce an gode da hidima, magoya baya ba sa so, in ba da makulli kafin ƙarshen mako. Jiya suka sa hannu da sabon gola. Da ranar Lahadi ka yi wannan jarumtar taka, da yanzu ina wajen atisaye. Ka makara, mutumina. Da kwana biyar.”

Ƙugiya ya share gumi da hannu.

“Kuma kada ka ɗauka labari ka ba ni yau. Na daɗe da sani.”

“Ka sani?”

“Kai, ni ka mayar sakarai? Shekara biyu ina zaune a hagunka a mota ina zuba, kana dariya a inda ba abin dariya. Ranar da na ce maka an kwantar da tsohuwata a asibiti, ka kalle ni ka ce madalla. Madalla fa! Ranar na gane.”

“To me ya sa ba ka faɗa ba? Duk abin nan da aka yi maka, da kalma ɗaya ka wanke kanka.”

“In faɗa wa wa? In tsaya gaban 'yan jarida in ce abokina kurma ne, ku kore shi ku bar ni? Kunnenka ne, bakinka ya kamata ya faɗa. Kullum na tashi sai in ce yau zai yi magana. Matata ta yi kuka, ta yi fushi, ta kwashe yara ta tafi gidan yayarta, ina ce mata ki bari, na san shi, yau zai yi magana.” Ya kawar da kai. “Kwana arba'in da ɗaya, Sakata. Ba korar ce ta fi ci min rai ba.”

Sakata ya zauna a kan matakala. Mutumin da aka fasa wa goshi sau uku a fili bai yi ko tsaki ba, ga shi yana kuka kamar yaro, hannu a kan fuska.

“Ni ma da nawa,” in ji Ƙugiya can, a hankali. “Na ga an mayar da kai dama. Na san ta inda zan fito ba za ka ji ni ba. Da na tsaya a ragata da ba haka ba. Amma da ƙwallon ta taso, jiki ya yi abin da ya saba.”

“Ka yafe min.”

“Ban sani ba tukuna. Wallahi ban sani ba. Tashi, direban nan jira yake, kuma ya ce bayansa na ciwo, ɗan rainin hankali.”

Sakata ya share fuska da gefen riga ya miƙe. Ya sauka ƙasa da matakala biyu, ya kafa kafaɗarsa ta dama a jikin kabad ɗin, kuncinsa ya manne da katako. Ƙugiya ya kama ta sama, sai kuma ya saki.

“A'a. Canza kafaɗa.”

“Me?”

“Na ce canza kafaɗa! Ka toshe mai ran da katako. Akwai zagin kwana arba'in da ɗaya a cikina, kuma ba zan yi asarar ko guda ɗaya a wancan mataccen ba.”

Sakata ya canza kafaɗa. Suka ɗaga. Tun a matakalar farko Ƙugiya ya fara, da ƙarfi, har maƙwabta na buɗe ƙofa suna leƙowa. Saura hawa biyu a gabansu, kabad ɗin kuma da nauyin tsiya. Sakata ya sauko a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya, yana saurare.